Yadda Za Ka Riƙe Waƙa a Legas Alhali Gobe Ba Ta da Tabbas

Matashin da ya zo Legas neman na kansa, yana sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12, ko yana ɗinki a Agege, ko yana gadi a Lekki, kuma waƙa tana ci masa rai, shawarata ta farko gare shi ita ce kada ya saki sana'ar da take ciyar da shi. 'Yan acaɓa sun ga yadda al'amura suke juyawa a watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin jihar ta hana su aiki a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, sannan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya taɓa har kuɗin sutudiyo, tunda galibinsu da janareta suke aiki idan an ɗauke wuta. Wanda ya ɗora wa waƙarsa nauyin kuɗin haya da na aikawa gida tun ba ta yi ƙwari ba, ko dai ya koma rera abin da ransa ba ya so don a yi masa liƙi, ko kuma ya yi fushi ya watsar da ita.

Ka ware mata lokaci sananne, ko da rabin sa'a ne bayan sallar isha'i. Idan wani amshi ya faɗo maka a cikin danfo, motar hayar Legas, kuna tsaye a cunkoson Oshodi, ka kara waya a bakinka ka rera shi a hankali ka naɗa, domin karin da ba a naɗa ba da wuya ya kwana. Baitocin kuwa a rubuta su a littafi, saboda waya tana ɓata.

Sutudiyo wurin naɗar abin da aka gama ne, don haka kada ka je sai ka haddace waƙar har kana iya rera ta sau uku a jere ba tuntuɓe. Kuɗin kuma ka tara shi ta hanyar adashi, kada ka ci bashi. A nan Legas akwai yiwuwar mai haɗa maka kiɗa ba ya jin Hausa, kuma wannan wuri ne da nake so ka tsaya da kyau. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali: kukan jariri daban, kukar miya daban, hawa da saukar murya ne ya raba su. Idan aka matsa wa muryarka da na'urar gyaran murya har ta danne wannan hawa da sauka, mai saurare a Kano zai ji kamar baƙo ne yake waƙar. Ka zauna kusa da shi, ka faɗi kalmar da bakinka yadda ake faɗarta, ka nemi ya sassauta gyaran a wurin. Idan Bayarabe ne zai fahimce ka nan take, domin harshensa ma haka yake, kuma gangar da suke matsewa a hammata 'yar'uwar kalangunmu ce, sai ka ga ya yi murna idan ka ce a sa ta.

Kafin ka fita, ka karɓi aikinka kashi biyu, muryar daban, kiɗan daban, ka ajiye a waya da kuma imel. Na taɓa barin waƙoƙi huɗu a kwamfutar wani sutudiyo da na amince da shi, kwamfutar ta lalace, har yau ina jin zafin rashinsu. Haka kuma ku rubuta a takarda wane ne mai kiɗan, wane ne mai baitocin, da kason kowa idan kuɗi ya shigo. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba ka mallakar waƙarka tun daga lokacin da ka rubuta ko ka naɗe ta, kuma sayar da wannan haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce, saboda haka kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ita dalla-dalla ba.

Wajen fitarwa, ka fara da masu jin harshenka. Ka ɗora a Audiomack, manhajar sauraren waƙoƙi, ka yanki amshin ka sa a TikTok da WhatsApp, ka nemi a ba ka minti biyar a bikin aure a Idi-Araba ko a wasan Sallah a Agege, inda za ka ga da idonka baitin da ya motsa mutane da wanda ya wuce su. Kada ka sa rai da kuɗin YouTube da wuri, domin kafin a fara raba maka kuɗin talla a kan dogayen bidiyo ana neman mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12.

Iyaye kuma ka sanar da su da bakinka kafin labari ya riga ka isa gida. Ka tura musu waƙar da ba za ka ji kunya ba idan Baba ya saurare ta a zaure cikin abokansa, kuma ka tura ta a watan da ka riga ka aika da kuɗin cefane.