Ga masu rikita rightful da righteous

Salam 'yan uwa, jiya wani ƙanina ya nuna min takardar da ya rubuta kan rigimar filin babansu, sai na ga ya sa righteous owner, wallahi abin ya dame ni don irin wannan kuskuren yana ɓata takarda mai muhimmanci. Kalmar da yake nema ita ce rightful. Ma'anarta mai haƙƙi na gaskiya, wato wanda abu nasa ne ta hanyar doka ko gado ko cancanta, ko da kuwa yanzu abin yana hannun wani. Righteous kuma salihi ne, mutumin kirki mai tsoron Allah, ba ruwanta da mallaka.

Misali ka tsinci waya a keke napep ka mayar wa mai ita, ka kai ta ga rightful owner ke nan. Magajin da gado ya hau kansa shi ne rightful heir. Har matsayi ma, rightful place wato gurbin da mutum ya cancanta.

Abin da na fi so ku riƙe, kusan kullum gaban suna take zuwa, kada ka rubuta he is rightful ka tsaya, sai ka ce he is the rightful owner, da the ɗin nan don galibi mai haƙƙin sananne ne. Sannan l ɗaya ce a ƙarshe, sai in ka koma rightfully za ka ninka ta. Masu shirin WAEC da NECO don Allah ku lura da wannan.