Yadda zaka fita da ƙaramin jirgin ƙasanka daga kan tebur zuwa lambu

Ni dai abin da ya kore ni waje ba wani dogon tunani bane, uwargida ce ta gaji. Wata biyu layin dogon ƙaramin jirgina na wasa na shimfiɗe kan babban teburin falo, ga gam ga fenti ga ƙananan kusoshi da suke faɗowa ƙasa yara su taka, ranar nan dai ta tsaya a kaina tace Malam, ko dai jirgin nan ya tashi ko mu mu tashi. To kunsan wanda ya tashi. Haka na kwashe komai na koma bayan gida, kuma a nan na gane cewa jirgin lambu kashi ɗaya ne kawai wasan jirgi, sauran duk aikin lambu ne, haƙa da shara da cire ciyawa. Wanda baya son ƙasa ta shiga farcensa gara ya zauna a ɗaki tun yanzu.

Kuskurena na farko shine na ɗauka layin da nake dashi a ɗaki zai yi a waje. Nawa HO ne, wato komai an rage shi sau 87, faɗin tsakanin ƙarafan biyu milimita 16.5. A ɗaki lafiya lau yake gudu, amma a waje ƙwayar tsakuwa ɗaya ko guntun ƙirare ya isa ya kifar da kan jirgin, sannan robar da ke riƙe ƙarafan ba duka aka yi don rana ba, tana bushewa ta fara karyewa. Masu N kuma, wanda faɗinsa milimita 9 ne, kar ma su fara. Abin da yawancin masu lambu suke amfani dashi shine layi mai faɗin milimita 45, wanda ake cewa G. Kamfanin Lehmann na Jamus ne ya fito dashi da sunan LGB a 1968, an yi shi ne musamman don ya jure ruwa da rana, ma'auninsa 1:22.5, wato komai an rage shi sau 22 da rabi. In ka lissafa 45 sau 22.5 zaka samu mita ɗaya da ɗan ɗoriya, wato yana kwaikwayon siraran layukan nan masu faɗin mita ɗaya ne. In kuma manyan jirage kake so na layi mai milimita 1435, wannan faɗin 45 ɗin dai zaka hau amma da ma'aunin 1:32. A Ingila akwai masu son layin milimita 32 da ma'auni kusan 1:19, shima yana zama a lambu sosai. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, don in ka cakuɗa zaka ga direba ya fi ƙofar tasha tsawo.

Kafin ka sayi komai, ka jira ayi ruwa mai ƙarfi ka fita ka tsaya ka kalli lambun naka. Da gaske nake. Ka ga ina ruwa ke bi, ina yake kwanciya, wane lungu ne ke daɗewa bai bushe ba. Inda ruwa ke kwanciya nan ne layinka zai nutse. Sannan ka ɗaga kai ka duba bishiya, ƙarƙashin bishiya akwai inuwa mai daɗin zama amma ganye da kashin tsuntsu duk kan layi zasu sauka, saiwa kuma a hankali zata ɗaga maka ƙasa. Ka kuma tuna mutanen gida suna da hanyarsu, wajen shanya, wajen famfo, inda ake tura baro. Ni na ratsa hanyar igiyar shanya da layina na farko, sati bai cika ba aka taka shi da bokitin wanki a hannu, kuma ban isa inyi magana ba don ni na shiga hanyar mutane.

Dabarar zana hanya mai sauƙi ce, ɗauko tiyon ban ruwa ka shimfiɗa shi a ƙasa yadda kake son layin ya bi. Tiyo baya yarda da kwana mai kaifi, don haka da kansa zai baka lanƙwasa mai kyau. Barshi a wajen kwana biyu uku, kana wucewa kana kallo kana gyarawa, ka leƙo ta taga ka gani, ka zauna inda kake zama da yamma ka gani. Kar ka cika buri, zagaye ɗaya da ɗan reshe guda na ajiye tarago ya isa shekarar farko. Duk mitar da ka ƙara mita ce da zaka share har abada.

Maganar kwana. Mafi matsewar kwanar da ke zuwa cikin kwalin farawa na LGB santimita 60 ce daga tsakiya zuwa layi, wato da'ira mai faɗin santimita 120. Ƙaramin kan jirgi mai ƙafa huɗu da gajerun taragu zasu bi ta ba matsala, amma dogon tarago zai riƙa leƙowa waje kamar zai faɗi, wani ma ya faɗi. In kana da fili ka ninka wannan, ba zaka yi nadama ba. Kuma in kwana ta juya dama sannan zata juya hagu, saka miƙaƙƙen layi a tsakani wanda ya kai tsawon taragonka mafi tsawo, in ba haka ba mahaɗan taragu zasu riƙa fizgar juna.

Hawa da gangara kuma nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Ido zai ce maka filin nan a miƙe yake, ƙarya ne. Ƙafar ƙarfe kan layin ƙarfe bata da riƙo, shi yasa jirgin gaske ma baya son tudu, ƙaramin ma haka. Ka tsaya a santimita 2 cikin kowace mita, in ya matsa 3, kuma kar ka haɗa hawa da matsattsiyar kwana waje ɗaya. Ga lissafin da ya sanyaya min jiki lokacin da nake mafarkin gada: in kana son layi ya haye saman wani layin da tazarar santimita 25, a hawan santimita 2 kana buƙatar mita 12 da rabi na hawa, sannan wasu 12 da rabi na sauka. Na auna lambuna na haƙura da gadar. Wajen aunawa, kafa turaku a bin tiyon nan duk bayan mita ɗaya, ka samo siririn tiyo mai garai-garai irin na magina ka cika shi da ruwa, ruwan bakin nan da na bakin can kullum tsayinsu ɗaya, da shi zaka yiwa kowane turke alama. Sai kuma ƙaramin ma'aunin nan mai ɗigon iska a tsakiya, shi zaka riƙa ɗorawa a gicciye kan ƙarafan biyu, don layin da ya karkace gefe ɗaya ya fi tudu kifar da jirgi.

Yanzu aikin gaske, shimfiɗar ƙasa. Hanyar da na fi yarda da ita itace wadda jirgin gaske ke bi, layi ya kwanta kan tsakuwa ba tare da an ɗaure shi ba. Haƙa rami a bin alamarka, zurfin kamar santimita 10 zuwa 15, faɗinsa ya ɗan fi layin ta kowane gefe. Cire duk saiwar ciyawa da ka gani, duka, wadda ka bari zata dawo ta gaishe ka. Shimfiɗa yadin nan na hana ciyawa da ruwa ke iya ratsawa, kar ka saka leda, leda riƙe ruwa take sai ramin ya zama kwata. Zuba tsakuwa ka daddaɓe da guntun katako ko bulo, ka jiƙa, ka sake daddaɓewa. Tsakuwar kuma lallai ta zama fasasshen dutse mai kaifi-kaifi ƙanana, da ɗan garinsa a ciki, don ita ce ke cije juna ta zauna daram. Mai santsi irin ta bakin rafi kyau gareta a ido amma gangarewa take kamar ƙananan ƙwallaye, na gwada, ruwan farko ya watsa min ita cikin ciyawa na kwana biyu ina tsinta. Inda hanyar ruwa ta ratsa layin, binne guntun bututun roba a ƙarƙashi ya zama kwalbati. Bayan ka ɗora layin sai ka ƙara tsakuwa a kai ka share ta da buroshin fenti ta shige tsakanin robobin da ke riƙe ƙarafan, saman ƙarfen ya fito fes, wajen canjin layi kuma ka bar shi wayam don ƙwaya ɗaya ke hana shi rufewa.

Wasu sun fi son su ɗaga layin kan katako ko bulo zuwa gwiwa ko ƙugu. In bayanka na ciwo wannan shine naka, kuma ganye baya taruwa sosai. Illarsa katako na ruɓewa ko gara ta shiga in ba'a yi masa magani ba, sannan baya shigewa cikin shuke-shuke yadda na ƙasa ke yi. Siminti kuwa ni bana ba mai farawa shawara, don zaka canza ra'ayi, kowa na canzawa.

Abin da ba'a faɗa maka a kwali shine ƙarfe na miƙewa in ya sha rana. Layin tagulla mai mita 10, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, zai ƙara kusan milimita 6. Kaɗan ne a ido, amma in ka ƙusance shi tam bashi da wajen zuwa sai ya bauɗe gefe. Shi yasa barinsa yana shawagi kan tsakuwa ya fi, wuraren kwana su ɗan buɗe su ɗan rufe abinsu. In da sanyin safiya kake shimfiɗawa bar 'yar tazara kamar kaurin kati a mahaɗa.

Sai wuta. In ta layi zaka ba jirgin wuta, taransifoma na zaune a cikin gida ko wajen da ruwa baya taɓawa, abin da zai fita lambu ƙaramar wuta ce kawai, wajen bolt 18 zuwa 24. Wayar wutar gida kar ta kwanta a ciyawa, ko na minti biyar, balle da yara a gida. Matsalar wutar layi a mahaɗa take, datti na shiga, sai kaga jirgi na gudu kusa da kai amma can ƙarshen lambu yana ja da ƙyar. Maganinsa ka ja waya mai kauri a bin layin ka riƙa haɗawa duk bayan 'yan mitoci, ko ka sayi mahaɗan da ake ɗaurewa da sukuru. Tagulla kuma tana dusashewa ta yi duhu, dole ka goge samanta kafin wasa, amma banda sanfefa mai kaushi, tana barin ƙarce da datti zai maƙale a ciki gobe abin ya fi na yau. Ni daga baya na koma batir da rimot, na saka batirin a taragon farko, tun daga nan ban ƙara durƙusawa goge layi ba sai dai shara. Akwai masu injin tururi na gaske da ake zuba wa ruwa a kunna gas, daɗin kallo kam ba'a magana, amma yana ƙuna kuma baya yafe layi mai tudu, bari sai hannunka ya faɗa.

Shuka kuma da ma'auni ake yinta. A 1:22.5 mutum mai tsawon mita 1.7 bai wuce santimita 7 da rabi ba, bishiya mai mita 10 kuma santimita 44 ce. To ka riƙe ɗan mutum-mutumin nan a aljihu in zaka zaɓi shuka, ka tsayar dashi kusa da ita, in ganye ɗaya ya rufe shi gaba ɗaya ba ta kusa da layi bace. Nemi masu ƙananan ganye masu jinkirin girma da masu shimfiɗuwa a ƙasa. Ƙaramar shuka mai reshe da yawa in ka aske rassan ƙasa da almakashi ka bar gindi a fili sai ta koma kamar tsohuwar bishiya, wannan aikin har uwargida ta karɓe shi daga hannuna don tace ni aski nake kamar ina fushi. Ka bar tazarar tafin hannu tsakanin shuka da layi, kuma ka tura taragonka mafi faɗi da hannu ka ga ko wani abu na shafarsa.

Yadda nake haɗa shi da aikin gida yanzu, ba na ware masa rana. In na fito ban ruwa da safe nakan zaga layin da tsohon buroshi a ɗaya hannun, in share ganye, in tsuguna in zare ciyawar da ta leƙo tun tana ƙarama, in duba ko tururuwa sun tara ƙasa a wajen canjin layi don nan suka fi so, ko mage ta tona tsakuwa cikin dare. Minti goma ne. Ban ruwa kuma a gindin shuka, kar ka feshe layi da ƙarfi ka wanke tsakuwar. In zaka yanke ciyawa juya bakin injin ya watsa ta nesa da layi, na taɓa mantawa sau ɗaya na wuni da buroshi. Bayan kowane babban ruwa ɗora ma'aunin nan mai ɗigon iska a wurare uku huɗu, inda layin ya nutse ka ɗaga shi da yatsa ka tura tsakuwa ƙarƙashi. Shekarar farko zai riƙa nutsewa sosai, ajiye rabin buhun tsakuwa a gefe saboda haka.

Layi na kwana a waje, kan jirgi da taragu basa kwana. Samo kwali ko akwatin roba mai hannu ka shimfiɗa tsumma a ciki, in an gama wasa ka goge ƙafafun ka kwashe. Gine-ginen tasha in na katako ne ka musu fenti ciki da waje har ƙasan, ka ɗora su kan fale-falen dutse kar su taɓa ƙasa, kuma ka leƙa ciki kafin ka zura hannu don ƙwari na son ɗakin da ba haya.

Ranar gwajin farko kar ka tara mutane. Saki kan jirgin shi kaɗai a hankali, kana binsa a tsugune kana kallon ƙafafun, duk inda ya yi tsalle ko ya girgiza soka ɗan tsinke a gefen. Gyara wuraren, sake zagayawa, sannan ƙara tarago ɗaya, sannan biyu, sannan ka gwada da baya don da baya ne duk wani aibu ke fitowa. Nawa sai a zagaye na tara ya dawo ba tsinke ko ɗaya, lokacin har an kira ni sau biyu in zo in ɗauke baro daga bakin ƙofa.