Yadda za ku koyar da labarin Toshiko Yuasa cikin minti 40

Malamai 'yan'uwana masu koyar da fiziks a makarantun 'yan mata nan Kaduna, idan kun iso babin rushewar ƙwayar zarra a aji shida, ku shiga ta hannun Toshiko Yuasa, mace ta farko da ta zama masaniyar fiziks a Japan.

Kada ku fara da cewa an haife ta a Tokyo a 1909, hamma za ku gani. Ku fara da 1945: Jamus ta faɗi, sojojin Rasha sun sa ta koma gida daga Balin, ita kuwa ta goyo na'urar auna hasken beta (ƙwayoyin da ke fita idan wasu ƙwayoyin zarra suka rushe) da ta ƙera da hannunta har Japan. Nan take wata za ta ɗaga hannu: "Malama, me ya kai ta Jamus ana yaƙi?" To, sai ku koma baya. A 1940 ta tafi Faris ta yi aiki ƙarƙashin Frédéric Joliot-Curie, surukin Marie Curie, ta sami digirin dakta a 1943, yaƙi ya kora ta Balin a 1944. Da ta koma gida kuma, Amurkawa sun hana binciken nukiliya a Japan. A 1949 ta sake komawa Faransa, can ta rasu a 1980.

Minti goma ya ishi wannan. Sauran lokacin na hannu ne.

Ku roƙi mai shagon unguwa ya tara muku marafan kwalaben lemo guda 100, tunda kwabbai sun zama tarihi; kowane marfi yana matsayin ƙwayar zarra ɗaya. A zuba su a kwano, a girgiza, a watsa kan tebur. Duk wanda ya kife ya "rushe", a ware shi. A ƙirga saura, a rubuta a allo, a sake watsawa har su kusa ƙarewa, sannan yara su zana jadawalin da kansu. Adadin da ya saura ba zai riƙa faɗowa rabi cif ba, kuma ni na fi son haka, don a nan suke gane cewa ba wanda ya san wace ƙwaya ce za ta rushe gaba, sai dai a yi lissafin taron.

Idan shugabar makaranta mai sauƙin kai ce, ku nemi ziyara zuwa cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ƙaramin injin nukiliya ke aiki tun 2004. Ku aika da takardar neman izini tun farkon zango.