Yadda Ake Zaɓen Ƙaramin Risho Don Kwanan Daji Da Ranar Larura

Yawancin masu sayen ƙaramin risho suna farawa da duba nauyinsa da mintocin da aka rubuta a kwali cewa yana tafasa ruwa. An fara daga wutsiya ke nan. Makamashi ake fara zaɓa, sannan tukunyar da za a ɗora, sai risho ya biyo baya. Duk kyawun risho, in ba a samun abin da yake ci, ƙarfe ne kawai a cikin jaka.

Na gas

Shi ya fi sauƙin sha'ani: a ɗaura, a buɗe, a kunna. Sai dai gwangwanayen ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ake yawan asara. Akwai gajere mai bakin murɗawa, wanda galibi za ka ga an rubuta EN 417 a jikinsa, yana zuwa da giram 100, 230 ko 450. Akwai na kamfanin Campingaz, wanda bakinsa ba shi da zaren murɗawa, dannawa ake yi ya kama. Akwai dogo siriri mai kimanin giram 220, wanda ake kwantarwa a gefen risho mai faɗi na kan tebur. Sai kuma wanda ake hudawa, mai giram 190. Shi da zarar an huda, ba a cire shi sai ya ƙare ƙarƙaf. Kan wani ba ya shiga bakin wani, don haka duba wanda ake samu a inda za ka je kafin ka sayi risho.

Karanta nau'in gas ɗin da ke cikin gwangwanin. Butan zalla yana daina zama iska da zarar sanyi ya kusa digiri sifiri, aisobutan yana jurewa zuwa wajen digiri 12 ƙasa da sifiri, furofen kuwa har digiri 42 ƙasa da sifiri. Shi ya sa ake gauraya su. Kuma gwangwani yana ƙara yin sanyi da kansa yayin da gas ke fita, to ko a safiya mai digiri 5 za ka ga wutar butan tana lanƙwashewa alhali gwangwanin da sauran nauyinsa. Maganin shi ne a kwana da gwangwanin a wuri mai ɗumi, ko a tsayar da shi cikin kwano mai ɗan ruwa. Kada a taɓa gasa shi da wuta.

Rishon da ake murɗawa kai tsaye a kan gwangwani bai cika kai giram 100 ba, amma yana da tsayi da ƙaramin gindi. Tukunyar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ce iyakarsa. Abin da ya wuce haka, kifewa ce ke jiransa. Mai tiyo, wanda ke zaune a ƙasa da ƙafafu uku gwangwanin kuma yana gefe, ya fi nauyi kaɗan amma shi ya fi dacewa da mutum biyu zuwa huɗu. In risho ɗaya tak za a saya don tafiya da ajiyar gida, wannan ne zaɓin da ya fi hankali.

Lissafin gas

A wuri marar iska, da murfi a kan tukunya, tafasa lita ɗaya na cin giram 12 zuwa 15. Iska na iya ninka wannan. Mutum huɗu, kwana uku, kowa lita biyu a rana: lita 24 ke nan, wato kimanin giram 360, tun ba a dafa komai ba. Saboda haka gwangwani biyu masu giram 450 ne mafi ƙarancin abin da ya kamata iyali irin wannan su ajiye. Don sanin abin da ya rage, auna gwangwani a sikelin kicin tun yana sabo, ka rubuta nauyin a gindinsa, bayan kowane amfani ka sake aunawa. Girgizawa a kunne ba ta gaya maka komai.

Buɗe wuta har ƙarshe ɓarna ce. Harshen da ya zarce gindin tukunya iska yake ɗumamawa. Ruwan sha kuma minti ɗaya na tafasa sosai ya ishe shi, minti uku in ana kan tsaunin da ya haura mita 2,000.

Na kananzir da farin fetur

Wannan tsohon hannu ne. Farin fetur tataccen fetur ne da ake yi don risho, ba na mota ba. Tun 1892 aka fara ƙera rishon kananzir mai suna Primus a ƙasar Suwidin, kuma ainihin dabarar ba ta canja ba. A na zamani, ana buga famfo sau 20 zuwa 30 iska ta matse man, a saki ɗan kaɗan a cikin ƙaramin kofin da ke ƙarƙashin kai, a rufe, a kunna shi ya zafafa bututun. Sai wutar ta kusa mutuwa ake sake buɗewa a hankali. Wanda ya yi gaggawa zai ga doguwar jar wuta ta tashi, domin man bai zama tururi ba tukuna. Sanyi ba ya hana shi aiki, kuma mansa ya fi gwangwanin gas sauƙin samu, musamman lokacin da kowa ke rububin saye.

Amma yana son hidima. Ramin da mai ke fita yana toshewa, dole a riƙe siririyar wayar sharewa. Fatar famfo tana bushewa, sai an ɗiga mata mai. Mai cin nau'i da yawa yana zuwa da jet, wato ƙaramin ƙarfen da ramin man ke jikinsa, daban na kananzir, daban na fetur, kuma in aka musanya su hayaƙi za a sha. Fetur na mota a bar shi sai ba makawa: yana saurin toshe bututu, hayaƙinsa kuma ba na shaƙa ba ne.

Sifirit, ƙwaya da ƙirare

Rishon sifirit irin na kamfanin Trangia ba shi da abin lalacewa, amma yana da nawa, kuma sifirit kusan rabin ƙarfin gas gare shi in aka kwatanta da nauyi. Haɗarinsa ɗaya ne babba: da rana ba a ganin harshen wutarsa. Ba a ƙara masa mai sai ya huce har ana iya riƙe shi da hannu. Ƙwayar Esbit, wato busasshen makamashi da aka dunƙule, mai giram 14 tana ci kimanin minti 12, ta isa rabin lita. Tana da wari, tana barin danƙo a gindin tukunya, amma tana shekaru a ajiye in ba ta jiƙe ba, don haka ta dace da zama ta ko-ta-kwana. Mai cin ƙirare ba ya buƙatar sayen komai, sai dai ranar ruwan sama ba shi da amfani, kuma wurare da dama suna hana shi lokacin da daji ya bushe.

Abin da ke kashe mutane

Duk wutar da ke ci tana iya fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tukunya mai sanyi da ta zauna dab da harshen wuta tana ƙara yawanta. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma mai barci ba ya jin ko ɗaya. Ba a kunna risho a cikin tanti, mota ko rufaffen ɗaki, ba a kuma ɗumama ɗaki da shi. A yi girki a waje ko a buɗaɗɗiyar baranda. Wuta mai lafiya shuɗiya ce; in ta koma rawaya, a kashe a duba.

Na biyu shi ne zafin gwangwani. An rubuta a jikinsa kada ya wuce digiri 50. Zagaye rishon da ke kan gwangwani da makarin iska yana tara zafi a ƙasa har ya fashe. A tare ɓangaren da iska ke bugowa kawai, a riƙa taɓa gwangwanin, in ya fi ƙarfin hannu a kashe. Haka faffadan kasko a kan risho na tebur: in ya rufe ɗakin gwangwani, zafin na komawa kansa. Motar da aka rufe a rana ma ba ma'ajiyar gas ba ce.

Kafin a saka risho a jaka, a haɗa shi a waje, a shafa ruwan sabulu a mahaɗa; kumfa na tashi, akwai yoyo, kuma galibi zoben robar baki ne ya tsage. A ajiye zobe na canji, da laita da ashana a leda, domin maɓallin ƙyastu na jikin risho shi ke fara mutuwa. A raba kai da gwangwani bayan amfani, a duba tsatsa a gindin gwangwanayen ajiya duk wata shida, kuma kowane babba a gidan ya tafasa lita ɗaya da hannunsa tun ana zaune lafiya. Mai tafiya ta jirgin sama ya sani ba a hawa da makamashi kowane iri. Sai an sauka ake saye.