Darasi na Bakwai: Fesa wa Tafarnuwa Taki ta Ganye

Saiwar tafarnuwa gajera ce, ba ta nisa cikin ƙasa. Shi ya sa wani lokaci ga taki a ƙasa, amma shuka ba ta samun rabonta. A nan takin feshi yake taimakawa: a narkar da shi a ruwa, a fesa, ganye ya sha. Amma ƙari ne kawai. Wanda bai ciyar da ƙasa ba, feshi ba zai fisshe shi ba.

Fara feshi kamar kwana 30 bayan shuka, ka maimaita duk bayan kwana 15, sau 2 ko 3. Idan yuriya ce, giram 10 ya ishi lita 1 ta ruwa. Famfon feshi mai cin lita 15, giram 150 ke nan. Zinki da boron kuwa, wato wasu sinadaran abincin shuka, kaɗan ake so, sai ka bi abin da aka rubuta a jikin kwalba. Boron in ya yi yawa, ƙona ganye yake yi. Kafin komai, wanke famfon sosai, musamman in ka taɓa zuba maganin ciyawa a ciki.

Dubi ganyen da kyau. Siriri ne, a tsaye yake, ga santsi kamar an shafa masa kaki. Ruwa na sauka sai ya gangare. Don haka ka sa bakin famfo mai fitar da feshi laushi-laushi, ka ƙara sinadarin da ke sa ruwa ya kama ganye. Yi da sassafe ko da yamma, lokacin da babu iska, kada ka yi da tsakar rana.

Ga inda da yawa ke yin asara. Da tafarnuwa ta fara yin kai, dakatar da yuriya. In ka ci gaba, ganye zai yi shar, ka ji daɗi, amma wuya ya yi kauri, ya ƙi bushewa, kai ya ruɓe a ajiya. A wannan lokaci takin fotash take so, shi ke sa kai ya yi tauri. Kowane ɗanyen ganye ɓawo ɗaya ne da ya lulluɓe kan, ɓawon kuma shi ke kare shi a ajiya. Bayan cira, shanya ta a inuwa mai iska, mako 2 zuwa 4.

Aikin gida: famfonka na cin lita 20. Giram nawa na yuriya za ka auna?