Yadda za ka kai yara Gidan Makama daga ƙauye a yini ɗaya

Mu nan wajen Gaya yaro sai ya kai shekara sha biyar bai san birnin Kano ba sai ta asibiti ko siyayyar sallah a Kantin Kwari, abin nan yana damuna wallahi, shi ya sa bara na kwashi ƙannena da yaran yayana mu tara muka tafi Gidan Makama, gidan adana kayan tarihin nan da ke cikin birni. Ga yadda za ka yi in kana da niyya.

Kar ka sa ranar Juma'a, wajen gidan sarki da babban masallaci cika yake maƙil. A yi sallar asuba a kama hanyar Wudil, in mota ta sauke ku Unguwa Uku ka ɗau shatar adaidaita sahu ka ce Gidan Makama, kusa da Ƙofar Kudu, ku gama ciniki kafin kowa ya hau. Abinci ku taho da shi daga gida, dambu ko ɗanwake da ruwa, don siyan na mutum tara a birni aiki ne. Ka ware kuɗin shiga daban.

Toh babban abin shi ne tun a mota ka ba su suna ɗaya su riƙe, Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Duk yawon yinin nan a kansa yake. Gidan Makama nan ya zauna lokacin yana riƙe da sarautar Makama, shi ya gina fadar da har yau ake cewa Gidan Rumfa, shi ya kafa kasuwar Kurmi. In yaro ya riƙe wannan duk inda kuka je sai ka ji da kansa yana cewa a'a nan ma Rumfa ne?

A cikin gidan ka nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku, kar ka ce kai za ka yi bayani. Akwai kayan yaƙi irin su sulke da takubba, akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, da hotunan sarakuna, da ɗakin amarya irin na da, nan matan suka maƙale sai da na yi ta kira. Amma ni abin da na fi so a tsaya a kai shi ne ginin kansa, a ɗaga kai a kalli daurin guga da azara, a ji sanyin soro da rana tsaka. Yaranmu a ɗakin ƙasa suka tashi kuma wasu kunyarsa suke ji, da ƙanina ya ga abin da magina suka fitar da irin wannan ƙasar tamu shiru ya yi. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi ofis a gidan, daga baya wani ɓangaren ya zama makaranta, wani kuma ya zama gidan tarihin nan.

Da kun fito ku kalli fada daga waje, ku yi azahar a babban masallaci ku ci abincinku.

Daga nan sai karofin Ƙofar Mata, a jikin ƙofar an rubuta 1498, har yanzu da baba da toka ake rini a rijiyoyin. Ka gaisa da marinan tukuna, ka ce Baba yara na kawo su gani, in za ka ɗau hoto ka tambaya, ka ɗan sa musu wani abu ko ka siyi ƙyalle. Ku leƙa wajen mabuga ma.

Kurmi lungu ne cikin lungu, kowane babba ya riƙe yara uku, ka rubuta lambar wayarka ka sa wa kowa a aljihu. Ɓangaren dukawa da masu kayan doki ya ishe ku.

Dutsen Dala kuwa kar ka haɗa, a lokacin ƙafar yara ta mutu, labarin Barbushe da Tsumburbura yini guda yake so. La'asar na yi ku nufi tasha don magariba ta same ku kun wuce Wudil.