Yadda na haɗa zarton inji ɗaya daga guda biyu da suka lalace

Zarton injin da nake yanka katako da shi a Agege ya riƙa ƙara gudu da kansa, sannan ya mutu. Na sauya fulogi, na wanke kabureta, duk a banza.

Sai na toshe mashigar iska da bakin salansa da roba, na hura iska a cikin injin har matsinta ya kai rabin "bar" a ma'auni, na shafa ruwan sabulu. Kumfa ta fito a ɓangaren kuloci, daga wata tsaga siririya kamar gashi a jikin akwatin kiranshaf, wato gidan sandar da fistin ke juyawa. Ta nan yake zuƙar iska, shi ya sa yake ƙara gudu da kansa.

Na sayi wani mataccen zarto mai lamba iri ɗaya, wanda fistinsa ya ƙone amma akwatinsa lafiya lau, na ciro rabin akwatin da nake buƙata, da yake ɓari biyu ne ake haɗawa. Na ɗumama shi har boris ya zauna ba tare da duka ba, domin guduma ce ke fasa irin wannan ƙarfe. Na sa sabon gasket da sababbin sil, wato robobin da ke hana iska shiga, na daidaita fil biyun da ke saita ɓarin akwatin, na ɗaure kusoshi a gicciye, kaɗan-kaɗan. Na sake gwajin sabulu, babu kumfa.

Na gauraya man inji, mililita 100 cikin fetur lita 5. A ja na uku ya tashi, alhamdulillahi.